Abin da ya rage na George Inn

Wani labari ya ce mashayar George Inn da ke Southwark a Landan tana nan yadda aka gina ta. Akwai gyara a nan. Gobarar 1676 ta cinye ginin farko, aka sake gina shi a 1677. A da masauki ne na matafiya masu keken doki, gini ya kewaye farfajiya ta fuska uku. A 1889 kamfanin jirgin ƙasa na Great Northern Railway ya rushe ɓangarori biyu, sai na kudu kaɗai ya tsira, mai barandar katako hawa biyu. National Trust, ƙungiyar adana wuraren tarihi, ce ke riƙe da shi tun 1937, kuma yana rukunin Grade I, matakin kariya mafi girma ga gine-ginen tarihi a Ingila. Ko taga ba a canzawa sai da izinin hukuma.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne gyaran gaggawa. Tsohon bulo da farar ƙasa ake ɗinke shi, awo ɗaya a kan awo uku na yashi, domin bango ya riƙa fitar da danshi. Idan aka shafa siminti, ruwa ya maƙale a ciki, fuskar bulo ta fara ɓarewa, kan katakon da ya shiga bango ya ruɓe ba a gani. Magina a Kano sun san wannan ciwon a ginin ƙasa. A fara duba indararo kafin komai, don yawancin ɓarnar daga can take farawa.