Motata da kazar Hajiya

Ranar da motata ta iso Maradi, a ƙofar gidanmu a unguwar Zariya har da masu guɗa. Toyota ce Corolla, ta hannu, amma a wurina sabuwa ce dal. Ta sha hanya kuwa, domin tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 ta Lome motoci ke biyowa, su ratso Burkina Faso. Na ce wahala ta ƙare. Ashe ko bismilla ba a yi ba.

Kuɗin duwan na biya ina murmushi, irin murmushin mai ciwon haƙori. Saura kart giriz, wato takardar mallakar mota, da lamba. Wani yaro da ke "bin takardu" ya karɓi jika biyar na kati da ruwan sanyi, ya ce, "Alhaji, kwana uku ne, ka je ka huta." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma da ka sayi mota ka zama Alhaji.

Na kai motar zaure na lulluɓe ta da tsohon zanen gado, don ba ni da ƙarfin halin gaisawa da 'yan sanda ba lamba. Kullum da safe in goge mata ƙura, in fito titi in tsayar da kabu-kabu. Mai mota guda a bayan babur, da makulli a aljihu yana ƙara!

Zuwan farko ofishin takardun mota aka ce babu rezo. Na biyu akwai rezo, babu wuta. Na uku duk suna nan, mai sa hannu ne ya tafi Yamai taro. A mako na biyu aka gano babbar matsala: lambar shasi. Harufa da lambobi 17 ne, wani bawan Allah ya ga 5 ya rubuta S. A takarda dai motar da na saya ba ita ce a zaurena ba. Na ce, "Malam, zo mu je ka gani da idonka, ni zan biya kabu-kabu." Ya ce shi takarda yake gani, ba mota ba. Aka koma farko.

Ana cikin haka kazar Hajiya, mahaifiyata, ta samu gilashin baya a ɗan buɗe, ta shige ta zuba ƙwai tara a kan kujera. Na ɗauki tsintsiya, Hajiya ta ce, "Kul! Ita dai ta samu abin yi da motar. Kai me ka yi da ita?" Matata kuma ta mayar da but ɗin rumbu, har da buhun gero da albasa.

Kaza kwana 21 take kwanci. Ta fara bayan na kai takarduna, ta ƙyanƙyashe bakwai, 'ya'yan har sun fara bin ta tsakar gida, ni ina nan ina jin "dawo jibi".

Ran da lamba ta fito na sa babbar riga, na ɗaura ta gaba da baya da hannuna, maƙwabta suka taru. Na zauna, na yi addu'a, na murɗa makulli. Ƙyat. Na sake. Ƙyat. Batir ya mutu tun tuni.

Almajirai shida suka tura ni har bakin kwalta, Hajiya na biye tana kira in tsaya, wai ɗan tsako ɗaya bai fito ba.