Ba aljannu ba ne, rashin tsaro ne

Wallahi hotunan samarin nan da suka shiga kangon otal ɗin cikin daji sun taɓa min zuciya, ɗakuna duk jemagu da gara, har bishiya ta tsiro tsakiyar falo. Masu cewa wai aljannu suka kori mutane dan Allah ku bari. Tun da Boko Haram suka sace Faransawa bakwai kusa da Dabanga a arewacin Kamaru a 2013 bayan sun fito daga gandun dajin Waza turawa suka ɗauke ƙafa, direbobi da masu saida kayan fata a Marwa kowa ya ji a jikinsa. Gwamnati ta gyara wurin ko ta ba ƴan kasuwa mana. Ku kuma ƙannena ku dena hawa benen nan, simintin ya tsattsage ga macizai.