Kafin a gina tashar nukiliya, wa zai tace ruwanta?

Duk wanda ya tashi a Sakkwato ya san yadda ake yi da ruwan Gulbin Rima in ya ɗauko ja da damina: a jefa alif a randa, a ba shi lokaci, laka ta kwanta. To akwai dattin da alif ba ya kwantar da shi. Siziyom 137, wani sinadari mai fitar da tururi mai guba wanda ke fitowa daga makamashin nukiliya, narkewa yake yi a ruwa kamar gishiri, ba launi ba wari. Jiki kuma yana ɗaukarsa tamkar fotasiyam, sinadarin da jiki ke samu daga abinci, ya kai shi cikin tsoka. Sai ya shekara 30 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi.

Maganin da masana suka samo ya burge ni, don ciniki ne irin na ba ni gishiri in ba ka manda. Akwai ma'adinin da ake kira ziyolait, cike da ramukan da ido ba ya gani, kuma sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, na zaune a cikinsu. In gurɓataccen ruwa ya ratsa, sai ma'adinin ya saki sodiyam ya damƙe siziyom. Akwai matatan roba masu irin wannan aikin, amma tururin nukiliya da zafi suna cinye su, dutse kuwa yana jurewa. Da ziyolait ake tace ruwa a cibiyar nukiliya ta Selafil da ke Ingila tun 1985, shi kuma Japan ta ruga wa bayan hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima a 2011.

Wani zai ce ina ruwan Basakkwace da wannan, mu da wutar NEPA ma sai an yi sa'a. Ina da ja. Tun 2004 akwai ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kuma a 2017 Najeriya ta sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha kan batun gina tasha. Ba ma sai an je nan ba. A 1987, a garin Goyaniya na Brazil, 'yan jari-bola ne suka fasa tsohuwar na'urar gashin ciwon daji ta asibiti da aka yasar, garin siziyom mai sheƙi ya bi hannuwa gida-gida, mutum 4 suka mutu. Wace unguwa ce tamu ba ta da mai tura baro yana sayen ƙarfe?

Ziyolait fa ba ya kashe gubar. Tattara ta yake yi wuri guda, daga nan sai a nemi masu gadinta na ɗaruruwan shekaru. Shi ya sa nake ganin horar da masana kimiyyar sinadarai ya riga harsashin gini. Ana iya haɗa ziyolait daga farar ƙasa, ga ta jibge a Ƙanƙara ta Katsina. A ba ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuɗin bincike da kayan awo, su fara gwada tamu ƙasar tun yanzu.