Bitrus da Yahuza duk sun yi nadama, kai ina ka kai taka?

Alheri da salama su tabbata a gare ku, 'yan'uwana matasa.

Akwai wani irin nauyi da matasa da yawa ke ɗauke da shi, ba sa iya sauke shi gaban kowa. Wani ya taɓa kuɗin da aka ba shi amana. Wata ta yi ciki ba aure, ko ta zubar da shi, ita da Allah kaɗai suka sani. Wani shaye-shaye ya cinye masa shekarun karatu, abokansa sun yi gaba sun bar shi. Wani kuwa ba abin da ido ya gani, amma ya san abin da yake kallo a wayarsa idan dare ya raba. Mafi yawan irin waɗannan ba su daina gaskata cewa akwai Allah ba. Abin da suka daina gaskatawa shi ne cewa Allah yana da sauran aiki da su. Sai ka ga mutum ya koma kujerar baya a majami'a, daga nan ya fara zuwa a makare ya fita da wuri, daga nan shiru. In an tambaye shi ya ce aiki ne ya yi yawa.

Da ku nake magana yau, kuma ba lallashi kaɗai na kawo ba, akwai faɗa a ciki.

A dare ɗaya almajiran Yesu biyu suka fāɗi. Yahuza Iskariyoti ya ba da Ubangijinsa a kan azurfa 30. Bitrus kuwa, wanda ya yi rantsuwa cewa ko kowa ya gudu shi ba zai gudu ba, ya tsaya yana jin ɗumin wuta a farfajiyar babban firist, wata baranya ta tambaye shi, ya ce bai san mutumin ba. Sau uku ya musanta, na ƙarshe har da rantse-rantse da la'antar kansa. Luka ya ce zakara na cara Ubangiji ya juya ya dube shi, Bitrus ya fita waje ya yi kuka mai zafi.

Mun saba cewa Bitrus ya yi nadama, Yahuza bai yi ba. Ku buɗe Matiyu 27 ku gani, ba haka aka rubuta ba. Yahuza ya yi nadama ƙwarai. Ya faɗa da bakinsa cewa ya yi zunubi, ya ba da marar laifi. Har kuɗin ya mayar, abin da da yawa daga cikinmu ba mu taɓa yi ba. To ina matsalar take? Wurin da ya kai nadamarsa. Ya kai ta ga manyan firistocin da suka saye shi, suka ce masa ina ruwansu, shi ta shafa. Da ya ji haka sai ya yanke wa kansa hukunci, ya kuma zartar da shi da hannunsa. Bitrus bai fi shi tsabtar hannu ba, amma bai fita daga cikin 'yan'uwa ba. Da kunyarsa da komai ya zauna tare da su. Ranar Lahadi da safe da labari ya zo cewa Yesu ba ya cikin kabari, yana nan, har ya ruga a guje ya je ya duba.

Bulus ya bambanta baƙin ciki iri biyu a 2 Korintiyawa 7:10. Akwai wanda ke kai mutum ga tuba da ceto, akwai na duniya wanda ke haifar da mutuwa. Daga waje kamarsu ɗaya: hawaye, rashin barci, rashin son ganin mutane. Hanyar gane su ita ce inda suke tura ka. In baƙin cikinka yana tura ka ga addu'a, ga faɗin gaskiya, ga gyara, wannan aikin Ruhu Mai Tsarki ne, ka bi shi. In kuwa kullum cewa yake yi ka ɓuya, ka yi shiru, ba ka da amfani, gara ba ka raye, wannan muryar mai ƙara ce, wato Shaiɗan, wanda Wahayin Yahaya 12:10 ya ce yana ƙarar 'yan'uwa dare da rana. Bari in tsaya a nan in faɗi abu ɗaya a fili: duk wanda tunanin kashe kansa ya fara zagayawa a zuciyarsa, kada ya kwana da shi shi kaɗai. Ka gaya wa wani babba da ka amince da shi yau, ka kuma ga likita. Zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne.

Yanzu ga faɗan. Da yawa cikinku kuna azabtar da kanku kuna tsammani tawali'u ne. Ka ce sai ka yi wata shida ba ka sāke fāɗuwa ba sannan za ka iya ɗaga ido ka yi addu'a. Ka ce ka san Allah yana gafartawa, amma kai ba za ka iya yafe wa kanka ba. Ɗan'uwa, ka saurari abin da kake faɗa da kyau. Kana cewa jinin da aka zubar a gicciye ya isa ga Allah amma bai kai ma'auninka ba. Kana so ka biya wani abu daga aljihunka domin ka shigo da ɗan mutuncinka. Wannan girman kai ne ya sa rigar makoki. Afisawa 2:8-9 ta rufe wannan ƙofa: ta wurin alheri aka cece mu, baiwa ce, ba ta ayyuka ba, don kada wani ya yi fahariya. Romawa 5:8 kuma ta ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Bai jira ka gyaru ba a lokacin, me ya sa kake tsammani yanzu jira yake?

Ku lura da yadda Yesu ya bi da Bitrus. Tun kafin ya fāɗi, a Luka 22:32, Yesu ya gaya masa cewa ya yi masa addu'a kada bangaskiyarsa ta ƙare, in kuma ya juyo ya ƙarfafa 'yan'uwansa. Wato faɗuwar ba ta zo wa Ubangiji da mamaki ba, har ya riga ya tanadi aikin da zai biyo bayanta. A bakin kabari, saƙon da aka ba matan a Markus 16:7 shi ne su gaya wa almajiransa, har da Bitrus. Shi kaɗai aka kira da suna, domin shi ne zai fi zaton an cire shi daga lissafi. Sai kuma safiyar nan a bakin Tekun Tibariya, a Yahaya 21. Yahaya ya ambaci wutar gawayi a wurin da Bitrus ya yi musu, ya kuma sāke ambatarta a nan. A gaban irin wutar da ya fāɗi, a nan aka tambaye shi sau uku ko yana ƙaunar Ubangijinsa. Yesu bai ce masa ya bayyana dalilinsa ba, bai kuma nemi ya sāke wani alkawari ba, ai alkawari ne ya kā da shi tun farko. Tambayar ta yi masa zafi, Littafi bai ɓoye wannan ba. Amma bayan kowace amsa aiki aka danƙa masa: ka yi kiwon tumakina. 'Yan makonni bayan haka wannan mutumin ya tsaya a Urushalima ya yi wa'azi, mutum wajen 3,000 suka karɓi baftisma a rana ɗaya. A Ayyukan Manzanni 3:14 ma har ya iya duban taro ya ce musu sun yi musun Mai Tsarki, laifin da shi kansa ya yi, ba tare da harshensa ya sarƙe ba. Mutumin da ya san an yafe masa da gaske ne kaɗai zai iya haka.

To amma kada wani ya ɗauki wannan ya mai da shi lasisi. Bulus ya riga ya yi tambayar a Romawa 6, ko mu ci gaba da zunubi domin alheri ya yawaita, ya kuma amsa da a'a mai ƙarfi. Titus 2:11-12 ta ce alherin da ke kawo ceto shi ne kuma ke koya mana mu ƙi rashin tsoron Allah da sha'awace-sha'awacen duniya. Sabon farawa yana da abubuwan da ake yi da hannu da ƙafa.

Ka kira laifin da sunansa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Sarki Dawuda ya kwana da matar Uriya, ya sa aka kashe mijin a bakin daga, ya yi watanni yana rufa-rufa, sai da annabi Natan ya ce masa shi ne mai laifin. Amsarsa gajeriya ce: ya yi wa Ubangiji zunubi. Bai kawo zancen gajiya ko matsin mulki ba, bai ɗora wa matar laifi ba. Addu'ar “ka gafarta mana kurakuranmu” a dunƙule tana da wurinta, amma sau da yawa mafaka ce ga wanda ba ya son ya ji sunan abin da ya yi. Alkawarin 1 Yahaya 1:9 ga mai furta zunubansa ne. Yaƙub 5:16 kuma ya ƙara da cewa mu furta wa juna. Ba a ce ka hau Facebook ka tona kanka ba. Mutum ɗaya ya isa, mai tsoron Allah, mai riƙe sirri, wanda zai iya tambayarka bayan mako biyu yaya ake ciki.

Abin da ke mayuwa kuma a mayar da shi. Zakka na Yariko bai tsaya ga jin daɗin cewa Yesu ya shiga gidansa ba, ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda kuma ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu. In kuɗin wani yana hannunka, fara biya ko kaɗan-kaɗan ne. In ka ɓata sunan wata, ka koma wurin waɗanda ka gaya wa ka ce ƙarya ka yi. In akwai yaron da ka haifa ka gudu, alheri ba zai ce ka manta da shi ba, zai ce ka je ka ɗauki nauyinsa. Ba da waɗannan kake sayen gafara ba, an riga an ba ka ita kyauta. Amma wanda ya ce an yafe masa, yana kuma riƙe da kayan mutane, da sauran magana.

Wani abin kuwa ba ya mayuwa, kuma ba zan yaudare ku ba. Natan ya gaya wa Dawuda cewa Ubangiji ya kawar da zunubinsa, duk da haka yaron da matar Uriya ta haifa masa ya mutu, gidansa kuma ya sha rikici har ƙarshen ransa. Ciwo yakan warke tabo ya rage. Shekarun da suka tafi sun tafi, wataƙila wanda ka ɓata wa rai ba zai ƙara amincewa da kai ba, kuma ba ka da ikon tilasta masa. Amma ku dubi abin da Dawuda ya yi a 2 Sama'ila 12:20. Bayan kwana bakwai yana kwance a ƙasa yana azumi, da ya ji yaron ya rasu sai ya tashi, ya yi wanka, ya sāke tufafi, ya shiga ɗakin Ubangiji ya yi sujada, sannan ya ce a kawo masa abinci. Fadawansa sun yi mamaki. Akwai lokacin kwanciya a ƙasa, akwai kuma ranar da ci gaba da kwanciya ya zama rashin biyayya. Daga aurensa da matar Uriya, wanda ya fara da zunubi, aka haifi Sulemanu, kuma Matiyu da yake jera kakannin Almasihu bai share wurin ba, ya rubuta cewa ta wurin matar Uriya ne.

Kada kuma ka zaci canji zai kammala a dare ɗaya. John Newton, Bature ɗan Ingila, ya yi kuka ga Allah a cikin wata guguwa a teku a shekarar 1748, ya kuma ɗauki wannan rana a matsayin mafarin juyowarsa. Duk da haka bayan wannan ne ya zama kyaftin na jirgin fataucin bayi, bai bar sana'ar ba sai 1754, kuma rashin lafiya ce ta sauke shi. Ya zama limamin coci a 1764, amma sai a 1788 ya fito fili a rubuce ya yi tir da cinikin da ya ci abinci da shi, shekara 40 bayan guguwar. Ya rasu a 1807, shekarar da majalisar Birtaniya ta haramta cinikin bayi. Ba yabon jinkirinsa nake yi ba, mutane sun sha azaba a jiragensa a shekarun da idonsa bai buɗe ba. Abin da nake nunawa shi ne Allah bai jefar da aikin ba don ya ɗauki lokaci. Bitrus ma, bayan wa'azin nan nasa na ranar Fentikos da komai, ya sāke jin tsoron mutane a Antakiya har Bulus ya tsawata masa a gaban kowa, Galatiyawa 2 ta ba da labarin. In ka sāke tuntuɓe bayan ka tuba, ba shaida ba ce cewa tubarka ta ƙarya ce. Ka koma a ranar, kada ka bari ta kwana, ka kuma duba ƙofar da abin ya bi ya shigo: lambar da ya kamata ka goge, abokan da ya kamata ka rage zama da su, sa'ar da ya kamata waya ta bar hannunka.

Saura ku da ba ku fāɗi a idon jama'a ba. Sau da yawa ba Shaiɗan ne ke hana mai tuba dawowa ba, kallonmu ne da raɗe-raɗinmu. Ikkilisiyar Korinti ta hori wani mai laifi, horon kuma ya yi daidai, amma a 2 Korintiyawa 2:6-8 Bulus ya ce musu ya isa haka, su yafe masa, su ta'azantar da shi, su tabbatar masa da ƙaunarsu, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Horo yana da ranar ƙarewa. Yarinyar da ta haihu ba aure, ta tuba, aka karɓe ta, amma shekara biyar ana nuna ta da baki, saurayin kuwa ba wanda ya ce masa uffan, wannan ba tsarki ba ne, zalunci ne.

Yahaya Markus ya bar Bulus da Barnaba a tsakiyar tafiyarsu ta farko, a Bamfiliya, ya koma Urushalima. Da za a sāke fita Bulus ya ƙi a tafi da shi, gardamar ta yi zafi har manzannin biyu suka rabu, Barnaba ya ɗauki Markus suka nufi Kubrus. Shekaru bayan haka, Bulus yana kurkuku yana jiran ƙarshensa, ya rubuta wa Timoti ya zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi a hidima. Tsakanin waccan gardama da wannan wasiƙa akwai mutum ɗaya da ya yarda ya sa sunansa a kan saurayin da ya taɓa gudu. Ka duba kujerun da suka zama fanko a zumuntar matasanku, ka san sunayen masu su. Kira ɗaya daga cikinsu kafin ranar Lahadi, ka ce za ka biyo masa ku tafi tare.