Tsohuwar Taya Mai Saye Take Nema, Kuma Ƙananan Hukumomi Ne Ke Da Kasuwar

Tun daga ranar 1 ga Disamba 2021 gwamnatin Ostireliya ta hana fitar da tayoyin da suka gama aiki sukutum zuwa ƙetare, bayan an shafe shekaru ana matse su dami-dami ana lodawa a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Asiya, inda akasari ƙona su ake yi. Dokar ta yi daidai, sai dai doka ba ta sayen kaya. Wanda ya tara tayoyi bai sami mai saye ba, ko dai ya yayyanka su ya sayar wa masu ƙonawa a masana'antun siminti, ko kuma ya jibge su a fili ya yi gaba. Mutanen garin Stawell da ke jihar Victoria sun zauna shekaru da tsibin tayoyi a gefensu cikin fargabar gobara, sai a 2017 hukumar kare muhalli ta jihar ta kwashe kusan miliyan ɗaya daga wurin.

A nan ne nake ganin ƙananan hukumomi sun fi kowa riƙe da mabuɗin lamarin. Kusan kashi uku cikin huɗu na tsawon hanyoyin Ostireliya suna hannunsu, kuma duk shekara sai sun sayi kwalta ko suna so ko ba sa so. Abin da ake nema gare su bai wuce layi ɗaya a takardar kwangila ba, wato sharaɗin cewa a haɗa kwaltar da garin taya, robar tsofaffin tayoyi da aka niƙa.

Fasahar kanta ba baƙuwa ba ce, kuma daga ƙaramar hukuma ta fito. Wani injiniyan birnin Phoenix a jihar Arizona ta Amurka, Charles McDonald, shi ne ya ɓullo da ita a shekarun 1960 lokacin da yake neman abin da zai toshe tsagar tituna. Ana yayyanka taya, a zare wayoyin ƙarfe da maganaɗisu, a fitar da zaren da ke ciki, sannan a niƙa robar ta zama kamar tsakin masara. Wannan garin ake zubawa a tafasasshiyar kwalta, kimanin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na nauyinta, ya kumbura ya sa ta yi kauri da danƙo. Titin da aka shimfiɗa da ita yakan jure zafin rana, ba ya saurin tsagewa, kuma ƙarar motoci na raguwa a kansa. Ƙaramar hukumar Mitcham da ke birnin Adelaide ta gwada hakan a wani titin unguwa mai tsawon mita 335, wanda ya lashe tayoyi kusan 850.

Masu ja da baya suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Kuɗin farko ya fi na kwaltar da aka saba, ma'aikata na kukan wari saboda ana dafa ta da zafi sosai, kuma ɗan kwangila ba zai gyara injinsa don aikin titi ɗaya ba. Amsar ita ce ƙananan hukumomi su haɗa odarsu wuri guda, kamar yadda wasu a birnin Sydney suka yi, domin kamfani ya ga aiki mai ɗorewa kafin ya zuba jari. Gwajin mita ɗari uku da ake kiran 'yan jarida a yanka kyalle ba ya riƙe masana'anta; sayayyar da ake maimaitawa kowace shekara ce ke riƙe ta.

Inda na saɓa da masu tallar wannan tsari shi ne yadda suke ɗaukar duk wani amfani da garin taya a matsayin nasara. Zuba shi warwatse a filayen ƙwallo masu ciyawar roba wata hanya ce ta watsa shara, domin ruwan sama da takalman 'yan wasa na kwashe shi zuwa magudanai. Shi ya sa a 2023 Tarayyar Turai ta yanke shawarar hana sayar da irin wannan garin don filayen wasa daga 2031. Kafin nan, a 2020, masu bincike a jihar Washington ta Amurka sun gano cewa wani sinadari da ke fita daga taya ne ke kashe wani nau'in kifin salmon a rafukan da ke kusa da tituna. Robar da kwalta ta ɗaure ta fi wadda aka bari a sake sauƙin kulawa, ko da yake ita ma ya kamata a riƙa auna ruwan da ke gangarowa daga kanta. Ƙaramar hukumar da ke da kuɗin aiki ɗaya kacal a bana, titi ya kamata ta zaɓa, kuma ta rubuta a kwangilar cewa daga tayoyin cikin ƙasa za a samo garin.