Kiran shugabannin asibiti gaban kansiloli bai isa ba

Marubucin wani labari da na karanta ya yaba wa kansilolin Ingila saboda yadda suke titsiye shugabannin asibitocin masu larurar ƙwaƙwalwa, amma bai faɗi iyakar ƙarfinsu ba. Gaskiya ne tun 2003 doka ta ba kwamitocin sa ido na ƙananan hukumomi ikon kiran jami'an NHS, wato hukumar lafiya ta ƙasar, su amsa tambayoyi, sai dai abin da suke bayarwa shawara ce kawai, kuma daga Janairun 2024 an karɓe musu ikon miƙa ƙorafi kai tsaye ga ministan lafiya idan za a sauya wani sashen asibiti. Na taɓa zama a irin wannan taro, inda aka raba wa kansiloli rahoto mai kauri cike da alƙaluma, alhali wata uwa da aka kai ɗanta wani gari mai nisa saboda rashin gado tana zaune a baya, ba wanda ya tambaye ta komai. Ga wani mai sharhi kan labarin da ya ce binciken CQC, hukumar da ke duba ingancin asibitoci, ya wadatar: gwamnati ta yi alkawarin daina tura marasa lafiya nesa da iyalansu kafin ƙarshen Maris 2021, to wa ya tuhume ta da alkawarin bai cika ba?