Lafiyar tsoho tana farawa daga ɗakin da yake kwana

A Maradi ba mu saba kai iyaye gidan kula da tsofaffi irin na Turai ba, kuma muna alfahari da haka. Sai dai abin da ya faru a waɗancan gidaje ya shafe mu. A zafin watan Agusta na 2003 kusan mutum 15,000 suka rasu a Faransa, akasarinsu tsofaffi, wasu a gidajen kula, wasu su kaɗai a ɗakunansu. Bayan nan ne aka wajabta wa gidajen tanadar ɗaki mai sanyi. Zafin ɗaki da ƙishirwa da rashin mai leƙawa ne suka kashe su, kuma ukun nan duka suna cikin gidajenmu, daga unguwar Zariya har Bagalam.

A duba ɗakin da ake ba Baba ko Inna. Sau da yawa na ƙurya ne, rufin kwano babu silin, taga ɗaya ƙarama. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, ga shi tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, jikinsa na bushewa bai sani ba. In yana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, haɗarin ya ƙaru. Sai a ga ya fara ruɗewa ko sambatu, a ce tsufa ne, alhali ruwa yake bukata. A ajiye masa tulu a inda hannunsa ke kaiwa, a riƙa miƙa masa ko bai tambaya ba, har ya sha kamar lita ɗaya da rabi a yini, sai fa in likita ya taƙaita masa saboda zuciya ko ƙoda. Da hunturu kuma kaskon garwashi a rufaffen ɗaki yana kisa cikin barci.

Faɗuwa ce ta fi ba ni tsoro. Tsoho kan tashi fitsari sau biyu ko uku a dare, ya ratsa tsakar gida cikin duhu, ya tsallake dokin ƙofa, ya tsuguna a masai babu abin kamawa. Da ya zame ƙugu ya karye, sai a nufi wurin maɗori, alhali wannan karayar galibi aiki take so a asibiti. Kwanciyar da ke biyo baya ita ke kawo gyambon baya da ciwon huhu. Wanda ya kwanta haka dole a juya shi duk bayan awa biyu, a tabbatar shimfiɗarsa a bushe take. Rigakafin kuwa ba tsada: fitila mai caji a gefen gado, bokiti mai murfi a ɗaki da dare, ƙarfe a kafe a bangon bayi, kujerar katako mai rami a kan masai, a kwashe tabarmar da ta naɗe baki. A kai shi a duba ido, domin yanar ido ana cire ta.

Sai magani. Ƙwayoyin ciwon gaɓoɓi irin su diclofenac da ake saya a hannun masu talla suna cin ciki, suna lalata ƙoda, suna ɗaga jini. Maganin hawan jini kuma ba a barinsa don an ji sauƙi. Nan shanyewar ɓarin jiki ke shigowa. In awo ya yi ta nuna 140/90 ko sama, a koma wurin likita.

Matsalar ita ce wa zai yi duk wannan? Samari sun tafi Najeriya ko Agadas neman kuɗi, an bar suruka ɗaya da yara da girki da tsoho. Kuɗin da ake turowa ba ya juya mara lafiya. A raba aikin da suna: wane ke ba da magani, wance ke kwana kusa. Hukumomin lafiya na jiha kuma su ba ma'aikatan sa-kai da ke zaga unguwanni don yara da masu ciki na'urar awon jini, su haɗa da tsofaffin gidan ko sau ɗaya a wata.